Facin Kwalta

Shekarar da gwamnati ta watsa wa ma'aikata kuɗin ariyas maza da yawa a Ƙanƙara sun zare, kuma mijina yana sahun gaba. Ƙaramin akawu ne a lokacin, amma in ka gan shi da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu sai ka rantse rijiyar man fetur ta ubansa ce. Wasu sun sayi babur, shi ma ya saya. Wasu sun sayi rediyo mai kaset, ya saya. To ai nan ya kamata mutum ya tsaya. Ina! Sai ya ji labarin wani Bature mai aikin auduga wajen Daudawa zai koma ƙasarsu, ana gwanjon kayansa. Ya fita da safe, da la'asar sai ga a-kori-kura a ƙofar gidanmu, ƙarti suna sauke wani farin abu mai ƙafa huɗu.

Na ce, "Wannan kuma fa?"

Ya ce, "Injin wanki. Daga yau kin huta."

"Da me yake aiki?"

"Da lantarki mana."

Na dubi fitilar ƙwai da ke rataye a jikin ƙusa, na dube shi. Duk unguwarmu babu gidan da ya taɓa ganin lantarki. Ya ce wuta tana nan tafe, ban ga falwayoyin da aka jibge a bakin hanya ba? Na gan su mana. Awaki ma sun gan su, a kansu suke shan hantsi.

Injin nan ya ƙi shiga ƙofar ɗaki, aka bar shi a tsakar gida, daidai ƙarƙashin indararo. Abokansa su zo, ya buɗe masu murfi, su leƙa, su ce kai, Turawa sun ci gaba, ni kuwa ina gefe ina dirzar rigunansa a daro. Damina ta zo ta wuce a kansa, wata ta sake zuwa. Bahon da ke cikinsa na ƙarfe ne, zagayayye mai zurfi, an shafe shi da farin tangaran irin na kwanon sha. Tangaran ɗin ya fara ɓantarewa, tsatsa ta samu wurin zama. Kaza ma ta samu, don a ciki ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Abokan da suka yi ta yabo suka koma yi mashi ba'a, suna tambayarsa ko injin ya fara wanke 'yan tsaki.

A cikin haka na samu cikin fari.

Mahaifiyata a jego ta rasu, wajen haihuwar da ta biyo tawa da nisa, ina da wayo sarai. Na ga yadda ƙafafunta suka kumbura, in an danna da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Matan unguwa suka ce sanyi ne ya shige ta, ruwan wankanta bai yi zafi yadda ya kamata ba. Ko haka ne ko ba haka ba, da wannan maganar na girma, kuma da ita na kwana na tashi tun ranar da na san ina da ciki. Ban damu da atamfar suna ba, ban damu da rago ba. Abu ɗaya nake so: ranar da na haihu a samu babbar tukunya a kan wuta, ruwa ya tafasa ya ishe ni wanka safe da yamma har in yi arba'in. A wurinmu kuwa wannan hakkin miji ne. Shi zai kawo itace da kanwa da kayan yaji, shi zai kawo rabin duron da za a riƙa dafa ruwan.

Da ciki ya tsufa, aka fara shirin mayar da ni gidan ubana a Faskari, na ce mashi, "Duro fa?"

Ya yamutsa fuska. Wai duro? Matar ma'aikaci za ta yi wanka da ruwan duron da kowace 'yar ƙauye ke yi da shi, alhali ga bahon Turawa yana zaune? Ni dai na san abin da ke cinsa. So yake abin nan ya yi amfani ko sau ɗaya ne, ya samu bakin rama ba'ar abokai. Ya ari sifana, ya wuni yana kwance injin, ya ciro bahon. Da ya ɗaga shi sama sai ga rana tana leƙowa ta gindinsa. A tsakiya akwai babban rami inda sandar da ke juya kaya take, kewaye da shi kuma hujojin tsatsa birjik kamar rariya.

Na ce, "Wannan ne zai riƙe ruwa?"

Ya ce, "Baba ai aikinsa ke nan."

Gaskiya ne, aikin ubana ke nan. Gyartai ne tun asali, ƙwarya yake ɗinkewa. Da kwanuka suka kori ƙore daga ɗakunan mata sai ya koma facin daro da bokiti da garwa da tukunyar ƙarfe, yana bin kasuwanni da guduma da almakashin kwano a buhu. Faci iri biyu yake yi. In abu na wuta ne, sai ya yanko ƙarfe ya rufe hujin ciki da waje, ya huda, ya sa ƙusa ya dake kanta har ta baje, wannan ko shekara ya yi a kan murhu babu abin da zai same shi. In kuwa na ruwan sanyi ne, sai ya cusa tsumma ya bi da narkakkiyar kwalta, wadda a shekarun nan ba ta da wuya, don ana ta shimfiɗa titi, leburori na ba shi a gwangwani. Saboda haka duk wanda ya kawo mashi gyara, kafin ma ya karɓa, tambaya ɗaya yake yi: "Na wuta ne ko na sanyi?" Tun ina rarrafe nake jin tambayar nan a zaurenmu. Tsohuwa ta kawo moɗa ma sai ya tambaye ta.

Amma ni 'yar fari ce. Ubana bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba, in na shigo ta nan shi ya fita ta can. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, kunya ce, kuma ana yaba mashi a kanta. Da na dawo gidan da ciki ya kai ga ƙirji kuwa sai abin ya ninka. Tun rasuwar mahaifiyata bai sake aure ba, gidan daga shi sai ni, amma sai mu wuni ban ga fuskarsa ba. In zai shigo ya yi gyaran murya tun daga zaure don in samu in shige ɗaki. A wurinsa cikin nan babu shi, ko da yake shi ya aika garin Sabuwa a shaida wa yayarsa, Gwaggo, ta shirya zuwa yi mani wanka.

Ranar da mijina ya kawo bahon, ɗaure a bayan babur, ina ɗakin da ke jikin zaure, ina jin komai. Ya tuɓe takalminsa mai tudu tun daga waje, ya durƙusa can nesa. Suka gaisa, suka tambayi gida da aiki da ruwa da gajiya, suka sake tambayar gida. Can mijina ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ga wannan, ya ɗan huje."

Na kasa kunne ina jiran tambayar. Na ji Baba ya ƙwanƙwasa gindin bahon da yatsa, na ji tsatsa na zuba. Sai ya ce, "To, ajiye."

Shi ke nan fa! Ka ji manyan maza biyu, ɗaya da furfura, ɗaya da takardar makaranta. Abu mai girman nan in zai hau wuta a gidan da ke da mai ciki, ai aikinsa ɗaya ne. In Baba ya tambaya, ya ambaci haihuwar 'yarsa ta fari a gaban surukinsa. In mijina ya faɗa, ya ambaci abin da ya yi wa 'yar mutane a gaban ubanta. Sai kowa ya kama bakinsa, aka rabu ana mutunta juna. Ni kuwa a ɗaki na ce a raina, bai tambaya ba ne don ya riga ya san amsa. Wa zai zaci wani abu daban? Daga baya ne na ji lissafin da shi ya yi a nasa ran: suruki mai babur da albashi ai sabon duro zai kawo, wannan ruɓaɓɓen abu na jiƙa tsummokaran jariri ne.

Ya yi aikin a zaure, ban gani ba. Ya yanko faifan kwano ya rufe babban ramin tsakiya, ya liƙe shi da kwalta, babu ƙusa ko ɗaya. Ƙananan hujojin ya cusa masu tsumma ya bi da kwalta. Sannan, don kayan suruki ne, ya yi abin da ba ya yi wa kowa: ya samo fenti ruwan azurfa ya shafe gindin ciki da waje, har ba ka gane inda aka yi facin. Ya cika shi da ruwan rijiya ya bar shi ya kwana, ko ɗigo bai zuba ba. Aka kife shi a gindin bango yana ƙyalli. Mijina ya aiko da itace lodi guda daga wurin wata Bamagujiya da ke bayan gari, ya aiko da kanwa da yaji. Duro bai zo ba, Baba kuma bai tambayi dalili ba.

Gwaggo ta iso daga Sabuwa ana saura kwana kaɗan. Doguwa ce, mai ƙarfi, mai faɗa, ita ta wanke rabin matan danginmu. Ta zagaya bahon ta ce, "Mi ne ne wannan kuma?" Na gaya mata. Ta ce, "Wa ya gyara?" Na ce Baba. Ta ce, "To in shi ne babu magana." Ta ɗauko manyan duwatsu uku ta kafa murhu a tsakar gida.

Naƙuda ta kama ni da asuba, ranar kasuwar 'Yankara. Da Baba ya ji an aika kiran unguwarzoma sai ya saɓi buhunsa ya fice, ko koko bai sha ba. Haka ake yi, uban kirki ba ya zama a gida 'yarsa ta fari tana kan gwiwa. Mutum ɗaya tak da ya san abin da ke ƙarƙashin fentin nan ya hau mota ya tafi kasuwa don ya nuna yana da kunya.

Na haihu da hantsi, mace. Unguwarzoma tana gyara jaririya, Gwaggo ta ɗora bahon a kan murhu, ta cika shi, ta hura wuta irin wadda ta saba, wutar jego ba ta wasa ba ce. Ina kwance ina jin ƙarar itace, raina ya yi sanyi, na ce yau dai ba zan bi uwata ba. Can sai wani wari ya shigo ɗakin. Unguwarzoma ta ce masu titi sun iso nan ke nan? Gwaggo daga waje ta ce ita ma ta ji. Ruwa ya fara tafasa. Sai ta ji cuu, cuu, wani abu na ɗiga a kan garwashi. Ta tattare zane ta tsuguna dab da murhun, ta leƙa ƙarƙashi ta ga daga ina ne.

A daidai nan faifan tsakiya ya saki.

Ban ga faɗuwarsa ba, ihun Gwaggo na ji, kuma har in mutu ba zan manta shi ba. Matar da ban taɓa jin ta ce wash ba. Na rarrafo bakin ƙofa da jini a jikina. Tsakar gida ta cika da tururi da toka, wuta ta mutu, bahon yana zaune a kan duwatsunsa babu ko ɗigo a ciki. Gwaggo tana birgima a cikin caɓi, tafasasshen ruwa baho guda ya sauka a ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa, ga baƙar kwalta ta manne mata a ƙauri. Maƙwabta suka shigo da salati. Wata ta ce a sa manja, wata ta ce ƙwai, wata ta ce gishiri. Aka samo mota da ƙyar, aka naɗe ta a tabarma, unguwarzoma ta riƙe kanta, aka yi asibiti da ita. Ana fita da ita tana waiwaye tana cewa, "Ku dafa wa yarinyar nan ruwa! Kada ku bari ta kwana ba wanka!"

Gwaggo ta yi watanni a kwance. Ta tashi, amma fatar bayan gwiwarta ta tattare, ƙafar hagu ba ta sake miƙewa ba. Matar da ke zuwa kasuwa da ƙafa ta dawo da ƙafa ta koma jan sanda, kuma ba ta sake yi wa kowa wankan jego ba.

Da la'asar mijina ya iso a kan babur, da goro a leda, yana washe baki an ce mashi ya samu ɗiya. Aka gaya mashi abin da ya faru. Ya je ya tsaya a kan bahon, ya leƙa ramin, ya girgiza kai. Wallahi da kunnena na ji abin da ya ce wa maƙwabciyarmu: "Ai dama kayan Turawa ba a yi su don itace ba."

Ban san lokacin da na jefo ƙoƙon kunu ta ƙofa ba. Na ce, "Yanzu ka sani? Yanzu? Allah wadaran bokon da bai iya buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya ba!" Mata suka taso suna rufe mani baki, wai haba, mai jego, a gidan ubanki, ki ji kunya. Kunya! Na ce kada wadda ta sake ambata mani ita, ita ce ta dafa ƙafar Gwaggo. Shi kuwa ya ajiye goron a bakin ƙofa ya sulale, ya ce zai nemo duro in Allah ya kai mu ranar kasuwar Ƙanƙara. Ihu bayan hari, kuma harin ma sai an jira ranar kasuwa.

Maƙwabta sun yi iya ƙoƙarinsu, ban raina ba. Suka haɗo tukwanen tuwo da na miya suka jera a wuta. Amma kafin ta ƙarshe ta tafasa ta farko ta huce, da aka juye a daro ruwan bai fi na wankan jariri zafi ba. Wata tsohuwa ta tsoma ganye ta yarfa mani, ko tsikar jikina ba ta motsa ba. Na koma ɗaki haƙorana na haɗuwa. Na rungume ɗiyata, ɗaya hannun kuma ina danna ƙaurina da yatsa ina duba ko zai lotsa. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma fushin da nake yi ya fi tsoron.

Baba ya dawo gab da magariba. Tun a tasha aka tare shi da labari. Na ji shigowarsa, wannan karon babu gyaran murya. Ta tsakanin asabari na hango shi ya tsuguna gaban murhun, ya ɗauki faifan kwanon daga cikin toka yana juya shi a hannu. Ya daɗe a haka. Na jira ya ce wani abu, ko da bangon yake yi wa magana. Aka kira salla ya tashi ya fita.

Washegari daga masallacin asuba bai dawo gida ba. Bayan gari ya nufa, gidan Bamagujiyar nan mai itace. Duk yankin an san ita ke da manyan durruka, kuma an san abin da take dafawa a ciki, giya ce. Ya roƙe ta aron ɗaya. Dattijon da ba ya wuce sahun farko ya ɗora duron giya a ka, ya ratso gari da shi rana ta fito, yana tsami, mutanen da suka yi salla tare suna zaune a dakali suna kallo. Wannan bai ji kunyarsa ba. Ya fi mashi sauƙi a kan tambayar da yake yi wa kowace tsohuwa mai moɗa.

Ya dirje duron da toka da yashi, ya ɗauraye, ya sake dirjewa. Ya ture bahon daga kan duwatsun da ƙafa, ya ɗora duron, ya yi ta jido daga rijiya shi kaɗai, ya hura wuta. Maƙwabta ba su shigo ba tukuna, unguwarzoma tana can wurin Gwaggo. Gidan babu kowa sai ni da shi da jaririya. Da ruwa ya tafasa ya kwaso a bokiti biyu ya ajiye a bakin ƙofata, tururi na shigowa ta ƙarƙashin asabari. Ya yi gyaran murya, ya juya zai tafi.

Na ɗaga asabarin. Ban taɓa yi mashi haka ba tun da aka haife ni.

Na ce, "Baba."

Ya tsaya, bai juyo ba. Bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf, ga baƙin gindin duro a hularsa.

Na ce, "Baba, na haihu. Mace ce. Ga ta nan, ko kallonta ba ka yi ba. Wata da watanni ina gidan nan da ciki, ka san abin da ya kashe uwata, me ya hana ka tambaya? Ni ce fa. Ka juyo ka yi mani magana."

Ya ɗaga hannu ya share fuska da hannun riga. Ya dubi dama, ya dubi hagu, tsakar gida fayau, babu ko kaza. Sannan ya buɗe baki, yana fuskantar ƙofar zaure.

Ya ce, "A ce mata ruwan zai huce."